Ranar da Kotu ta Tambaye Ni Sunan Ɗan Farina

Shekarun baya, lokacin da babban ɗana ya gama sakandare, na sha wata kunya da har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi nauyi. Kwanan nan wata ƙawata ta tono zancen a gidan suna, mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Da na dawo gida na ce bari dai in ba ku labarin da bakina, don masu bayarwa kullum suna tsayawa ne a wurin dariyar, ba sa kaiwa inda ya fi ci mini rai.

Ni malamar firamare ce a nan Daura, amma asalina 'yar Sandamu ce. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. In an yabe shi ta kau da kai, in an dake shi ta ƙara kau da kai. Haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi da babban wanmu, ni kuwa da na tashi kwaikwayo sai na fi ta iyawa. A ɗakinta na haife shi da na je goyon ciki, ana yaye shi kuma ta karɓe shi. A hannunta ya girma, yana ce mata Inna, ni kuma yana ce mini Yaya, don haka ya ji ƙanwata tana kirana.

Ku dubi ikon Allah, matar da aikinta ke nan kiran rajista kowace safiya, amma akwai suna ɗaya da bai taɓa fita daga bakina ba. Duk yaron da ya yi rashin sa'a ya zo ajina da irin sunan, sai in laƙaba masa wani. Na yi Dogo, na yi Mai Jaka, na yi Sarkin Surutu. Akwai wanda yanzu ya yi aure har da 'ya'ya, amma sunan da na ƙaƙaba masa a aji uku shi ya bi shi. Ko a sujada in zan yi wa ɗan nawa addu'a, "yaron nan" nake cewa, na san Allah ya san wanda nake nufi.

Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramar sakandare. Bayan 'yan shekaru mahaifiyata ma ta bi, sai aka dawo mini da shi Daura, saurayi dogo mai ƙarancin magana, aka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Muka zauna gida ɗaya muna magana da iska. In na gama girki sai in ce, "Akwai tuwo a rufe, mai so ya ɗauka." Daga ɗaki sai a ce, "An gode." In ina son aike sai in ce, "Mai fita ya biyo mini da gawayi." Kafin la'asar gawayi ya zo. In dole ta kama in ambace shi ga wani, sai in ce ɗan Inna. Mutanen unguwa suna yaba ni a kan haka, ni kuma, gaskiya, ina jin daɗin yabon.

A bakin ƙanwata na fara jin cewa makarantar hafsoshin soja yake son shiga. Ita tela ce, tana aure a wata unguwa ba nisa da mu, kuma ita ta goye shi yana jariri tana 'yar firamare, don haka ita ce aminiyarsa. Da ta gaya mini sai na ce, "To, Allah ya taimaka," na ci gaba da tsince shinkafata kamar labarin ɗan maƙwabta aka ba ni. Amma cikina fal yake da murna. Yaro ne mai kai, mai tsari, wanda ko takalminsa ba ya ajiyewa a karkace. Na san zai iya.

Ya ɗauki abin da zafi. Ana sallame sallar asuba zan ji ƙarar ƙofa, ya fita gudu a hanyar Sandamu, sai rana ta ɗago ya dawo sharkaf da gumi. Ni kuma in dama fura da nono mai kauri in ɗora a tagar ɗakinsa, in ce wa iska, "Fura ta yi saura, kada ta lalace." Kullum fura sai ta yi saura a gidan nan, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ya ji an ce akwai tsayin da ake bukata, sai ya shiga auna kansa a bangon zaure yana jan layi da gawayi. Wata rana da ba kowa a gida na je na tsaya a jikin bangon, na ɗaga hannu na taɓa layin. Na daɗe a tsaye ina mamakin yaushe ya yi wannan tsawon ban gani ba. Da na ji motsi a waje na yi sauri na ɗauki tsintsiya.

Duk wahalar neman shi kaɗai ya sha ta. Shi ne shagon kwamfuta, shi ne wurin mai hoto, shi ne gidan mai unguwa, shi ne sakatariyar ƙaramar hukuma neman shaidar zama ɗan asali. Ya rubuta jarrabawa ya ci, sunansa ya fito cikin waɗanda za su je intabiyu da gwajin lafiya. Abu biyu suka rage masa. Na farko takardar amincewar iyaye, wadda uba ko uwa ko mariƙi zai sa wa hannu. Na biyu shaidar haihuwa, shi kuwa a gida aka haife shi, ba wanda ya damu ya karɓo masa satifiket a lokacin. Mafita ita ce babba daga cikin iyayensa ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, ya ce ga ranar da aka haife shi, ga kuma matsayinsa a wurinsa. In babu waɗannan biyun ranar tantancewa, daga bakin ƙofa za a juyo da shi.

A tsarinmu wannan aikin baffansa ne, wato wan mahaifinsa. Dattijo ne mai fataucin shanu, rabin rayuwarsa a kasuwannin kan iyaka take. Yaron ya kai masa takardun, baffan ya ce a bar su zai zo gidan da kansa. Ya zo wata Juma'a da yamma, na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, na zauna nesa kaɗan. Yaron yana tsugune kusa da randa.

Bayan gaisuwa baffan ya ce, "Malama, ni fa ba zan sa hannuna a takardar da za ta kai ɗan ƙanina daji ba. Kina jin rediyo kamar yadda nake ji. Marigayi namiji ɗaya ya bari da ya kawo ƙarfi. Ga sana'a a gida. Bayan salla ya fara bina kasuwar Mashi, in ya goge in haɗa shi da masu kai shanu kudu. Nan da 'yan shekaru ya riƙe ki ya riƙe ƙannensa."

Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, kuma tsoron nasa yana da hujja. Sannan ya juyo wajena.

"Amma ke ce uwa. Me kika gani?"

Tambaya ce ta gaskiya ya yi mini, jiran amsa yake. Na ji idon yaron a kaina ko da ban duba ba. Ni kuwa na gyara lulluɓi, na sunkuyar da kai, na ba da amsar da aka koya mini tun ina amarya.

"Alhaji, ni me zan gani? Ɗanku ne. Yadda kuka yi daidai ne."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Haka aka san ki."

Ya ajiye takardun a kan tabarma ba sa hannu, ya yi sallama ya tafi. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne a lokacin har wani daɗi na ji, na nuna tarbiyya a gaban wan miji. A raina ina cewa ai maza za su daidaita a tsakaninsu, wani zai lallashi Alhaji, abin zai warware ba tare da an ji bakina ba. Wane ne wanin, ban tsaya na tambayi kaina ba.

Washegari ban ji ƙarar ƙofa da asuba ba. Jibi ma haka. Na ci gaba da ɗora fura a taga, sai in zo da hantsi in tarar da ita yadda na ajiye, ƙuda na zagaya faifan. Ranar tafiya tana ta matsowa, gidan ya yi tsit, ni kuma na kasa buɗe baki in ce ko da wa iska ne, ina aka kwana.

Ana haka wata safiya ina shirin makaranta sai ga ƙanwata ta faɗo ko sallamar kirki babu. Ta ce in ara mata babban hijabina mai ruwan toka, wanda nake zuwa ta'aziyya da shi. Na miƙa mata. Ta ce in haɗa mata da tsohon tabarauna. Nan na tsaya na dube ta. Yarinyar da ko ɗinki take ba ta rabuwa da jan baki, yau fuska fayau ba ko kwalli.

Na ce, "Wa ya rasu?"

Ta ce, "Ba kowa, Yaya. Unguwa za ni."

"Wace unguwa ce ake zuwa da tabarau ɗin aro? Idonki ƙalau, zare kike zurawa a allura ko da magariba."

Ta yi 'yan kame-kame, ta ga ba zan sake ta ba, sai ta zauna a bakin gado. Ta ce kotu za ta. Yaron ne ya roƙe ta ta je ta tsaya a matsayin mahaifiyarsa, ta yi rantsuwar, ta kuma sa hannu a takardar amincewa. Hijabin da tabarau don ta ƙara manyanta ne, kada a ce ta yi yarinta da haihuwar kamarsa.

Na ce, "Kina da hankali kuwa? Rantsuwar ƙarya a gaban hukuma? In soja suka gano ai ba shi ba makarantar har abada, ke kuma ki kwana a ɗaure. Ina raye za a je a ari uwa?"

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. "To ya zai yi, Yaya? Na ce masa ya zo ya same ki. Ya ce kada a takura miki, ya san ba za ki iya ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya ce kuma shi bai san ko kina so ko ba kya so ba. Gara ya zauna bai sani ba, da ya tambaye ki ki sake cewa ɗansu ne."

Ban san lokacin da na zauna ba. Duk furar nan da nake damawa, ni a wautata na ɗauka magana nake yi kuma ana ji. Ashe abin da ya shiga kunnensa shi ne wanda na faɗa da baki a gaban baffansa. Na karɓe hijabina daga hannunta na zura, na aika wa shugaban makarantarmu cewa zan makara, na ce mata ta tashi mu tafi. A kan acaba ina ta ƙarfafa kaina. Sa hannu ne kawai, na ce, sa hannu kuwa na iya, kullum ina yi a katin sakamakon yara.

Mun same shi a harabar kotu, ƙarƙashin darbejiyar da masu buga takardu suke kafa teburansu, rungume da fayil. Da ya hango mu biyu sai ya miƙe, ya dubi ƙanwata, ita kuma ta shiga gyaran ɗankwali. Ya tsuguna ya ce, "Yaya, ina kwana." Na amsa wa bishiyar, na ce, "A shige gaba, rana na yi."

Wurin mai buga takarda ban sha wuya ba. Yaron ya faɗi sunansa da kansa. Da aka zo ranar haihuwa na faɗa tun kafin a buɗe fayil, na ƙara da cewa Alhamis ce da hantsi, an kwana ana ruwa. Ba wanda ya tambaye ni wannan ƙarin, shi ya fito da kansa. Na ga yaron ya ɗan juyo, na yi sauri na mai da ido kan injin buga takardar.

Aka tura mu ofishin mai rantsarwa. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyawa a kasalance, benci biyu cike da masu jiran layi. Ina shiga na yi ido biyu da wata Hajiya ta unguwarmu, wadda in labari ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya kai Kano. Gefenta kuma mahaifin wani ɗalibina ne, har ya ɗan rusuna ya gaishe ni. Gabana ya faɗi, amma na daure.

Da layi ya zo kanmu, mai rantsarwar, wani dattijo mai farin gemu da bai san ni ba, ya karanta takardar a nitse. Ya ce tunda maganar soja ce, shi ba ya buga hatimi sai ya ji komai daga bakin mai rantsuwa, don iyayen aro sun yi yawa a wannan lokacin na shekara. Na ji ƙanwata ta ja da baya ta laɓe a bayana.

Ya ce, "Malama, mece ce alaƙarki da wannan yaron?"

Na ce, "A gidana yake, ranka ya daɗe."

"Ban tambayi inda yake kwana ba. Mene ne shi a wurinki?"

"Ɗan Inna ne. Wato mahaifiyata ce ta riƙe shi."

"To, ƙaninki ne ke nan."

"A'a, ranka ya daɗe."

Wani ya yi dariya a benci. Dattijon ya sauke tabarau ya dube ni da kyau. "Bari mu bi ta nan. Yaya sunansa?"

"Yana jikin takardar."

"Na gani a takardar. Daga bakinki nake so."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Shekara goma sha takwas ina danne shi, ranar da na neme shi ya ƙi fitowa. Gumi ya jiƙa mini hijabi, ina jin idon Hajiya a ƙeyata. Ni da nake tsawata wa yaro in ya tsaya yana in-ina a gaban allo, ga ni tsaye a gaban tebur ina murza yatsu.

Hajiya ce ma ta yi ƙoƙarin cetona. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Malama akwai kunya." Wannan karon benci biyun duka suka yi dariya, dariyar yabo ce ma, irin wadda na saba jin daɗinta.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Na gane, Hajiya, ni ma ina da na fari a gida. Amma wadda ba ta ce ɗanta ne ba, ta yaya zan sa hannu cewa ta rantse ɗanta ne? Ku je ku yi shawara, in kun shirya ku dawo." Ya ture takardar gefe ya kira na gaba.

Yaron ne ya miƙa hannu biyu ya ɗauki takardar. Ya rusuna ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ba laifinta ba ne, ni na takura mata." Sannan ya ɗan juyo wajena, idonsa a ƙasa, muryarsa ba fushi ko kaɗan. "Yaya, ki koma makaranta kada a sa miki rashin zuwa. Ba komai. Zan bi Baffa."

Ya sa takardar a fayil ya fita.

Da faɗa ya yi mini, da na samu abin riƙewa. Amma yaro ya tsaya a gaban mutane yana ba da haƙuri a madadina, yana rufa mini asiri, bayan ni na kasa cewa nawa ne. Ban taɓa jin na ƙasƙanta a idon kaina kamar wannan lokacin ba. Na bi bayansa da sauri har ina tuntuɓe da ƙafar wani. Kafin in fito baranda ya kai tsakiyar haraba, ya nufi ƙofar fita, yana tafiyarsa a miƙe.

Na kira sunansa.

Kiran ya fito a shaƙe kamar na mai mura, amma ya fito, kuma tazarar ba ta kai a ce bai ji ba. Bai tsaya ba. Bai ko rage sauri ba.

Na cika ƙirji na sake kira, wannan karon da muryar da nake taro yara daga filin ƙwallo. Masu buga takardu suka ɗago, ɗan sandan bakin ƙofa ya juyo, mai sayar da ruwan leda ya tsaya da tire a ka. Shi ma ya tsaya. Ya waiwayo a hankali, sai ya dubi ƙanwata da ke bayana. Ita ya fara duba. Da ya ga bakinta a rufe, hannunta a kan ƙirji, sannan idonsa ya dawo kaina.

Na ce, "Dawo nan. Ban gama ba."

Muka koma ciki. Dattijon ya dakatar da wanda ke gabansa, ya miƙa hannu aka ba shi takardar. Ban jira tambaya ba. Na ce ɗana ne, ni na haife shi, na faɗi sunansa da na mahaifinsa da ranar haihuwarsa, na ce kuma na amince ya tafi, da yardata da albarkata. Ina yi hawaye na zuba, ban share ba. Ba wanda ya yi dariya. Aka nuna mini inda zan sa hannu, na sa a takardar rantsuwa da ta amincewa duka biyun, sa hannun da ya fi kowanne muni a rayuwata. Dattijon ya buga hatimi ya ce Allah ya ba da sa'a.

Kafin in isa makaranta kuwa labari ya riga ni. Mako guda ana yi da ni a unguwa, wai Malama ta zubar da kunya a kotu, ta rangaɗa wa ɗan fari kira har ana ji a bakin titi. Wata tsohuwa ta tare ni a gidan biki ta ce da Inna na raye da ban yi ba. Na ce haka ne, na wuce.

Baffansa na je na same shi da kaina, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Na durƙusa na gaya masa abin da na yi. Ya daɗe yana jan carbi. Na shirya wa faɗa, sai ya ce, "Ashe kina so ya tafi."

Na ce, "Ina so, Alhaji."

"To me ya hana ki faɗa ranar da na tambaye ki? Ni na ɗauka tsoro kike ji irin nawa, kunya ta hana ki cewa, shi ya sa na tsaya miki. Da kin ce kina so, da na yi faɗana na gama na sa hannu."

Wato ni kaɗai na ɗaure kowa. Yaro ya ɗauka ba na so, dattijo ya ɗauka yana kare ni, ƙanwata ta kusa rantsuwar ƙarya, ni kuma ina gefe ina karɓar yabo. Ranar tafiyar baffan ne ya kai shi tasha da kansa, fuska a murtuke, yana ta ja masa kunne a kan salla.

Ya je, ya tsallake tantancewar, ya sha horon da in ya zo hutu sai na kasa gane shi don rama da baƙi. Yanzu hafsa ne, yana can inda aka tura shi, kuma tsoron da baffansa ya ji ni ma ina kwana da shi. Ban taɓa nadamar sa hannun ba.

Ba na zagin al'adarmu. Akwai kyau a cikinta, tana hana uwa ta shagwaɓa ɗa, tana ba dangi dama su ɗauke shi nasu. Mahaifiyata ta yi ta, kuma babban wanmu bai taɓa shakkar tana son sa ba, don ta san lokacin da ake ajiye kunya a tsaya wa ɗa. Ni rabin darasin na ɗauka, rabin da ake gani a yaba. Dariyar da aka yi mini a kotu ta daɗe da daina damuna, har ni nake ba da labarinta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kiran farkon nan da bai juyo ba. Shekaru ina gaya wa kaina cewa bai ji ba ne, muryata ce ta shaƙe.

Zuwansa na ƙarshe, yana zaune a tsakar gida yana cin abinci, ƙannensa sun fita, na yi ta maza na tambaye shi. Na ce ranar nan a kotu, da na fara kira, bai ji ba ne?

Ya ajiye cokali. Ya yi ɗan murmushi yana kallon kwano.

"Na ji, Yaya. Tun na farko na ji."

"To me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Ban san yadda sunana yake a bakinki ba. Tsoro na ji in waiwayo in tarar ba ke ba ce."

Na tashi na ce bari in duba tukunya. Babu komai a kan wuta, shi ma ya sani, amma ya bar ni na tafi.